Tankin Matan Kwadon

Duk matashin da ya tsaya a bakin shagona a Barunde, nan cikin Gombe, ya ga na ja fenti sau ɗaya rubutu ya fito tas a jikin ƙofar ƙarfe, maganarsa ba ta wuce ɗaya: "Baba, ashe aikin nan easy ne." Nakan ce masa, "Ƙwarai kuwa. Zo ka kama min ƙofar mu juya ta tukuna." Da ya ji nauyinta a ƙugunsa sai ya tuna an aike shi. Jan fentin nan da kuke gani bai kai minti ɗaya ba, kuma shi kaɗai ne mai sauƙi a sana'ar. Mai buga riga yana zaune a inuwa, riga ce ke zuwa teburinsa ta kwanta. Mu masu buga ƙarfe kuwa mu ke zuwa wurin ƙarfe, mu same shi yadda ya ga dama, ko a tsaye, ko a kwance, ko a tsakiyar rana.

Sunana Yohanna, amma in ba ka ce Yohanna Maifenti ba, babu wanda zai nuna maka shagona. Daga Billiri na shigo Gombe ina saurayi, kawuna ya damƙa ni a hannun Malam Sani, wani Bakano mai shago a Jekadafari. Na zo da zumuɗin in fara rubutu a jikin motoci. Wata shida cur ban taɓa fenti ba. Sanfefa ya ba ni, ina goge tsatsa, ina wanke maiƙo daga jikin ƙarfe, har zanen yatsuna ya shafe. In na ce na gama, sai ya shafa farin ƙyalle a wurin ya duba. In ƙyallen ya yi duhu ko kaɗan, ba ya faɗa, sai dai ya miƙo min sanfefar ya koma kujerarsa.

Bayan nan ne ya nuna min sikirin. Ga wanda bai sani ba, katako ne mai kusurwa huɗu da aka ɗaure wa yadi mai ƙananan ramuka kamar rariya, a ja shi ya yi tauri. Ana shafa wa yadin wani magani a ɗaki mai duhu, a ɗora zanen da aka yi da baƙin tawada a kan takarda mai shara-shara, a fitar rana. Inda rana ta taɓa, maganin ya daskare ya toshe ramukan. Inda zanen ya kare, ruwa ya wanke shi, ya bar hanyar da fenti zai bi. Sai ka ɗora sikirin a jikin ƙarfe, ka zuba fenti a gefe, ka ja da sikwiji, wato roba mai mariƙin katako. Wahalar tana wajen sanin tsawon lokacin da za ka bar shi a rana. Malam Sani ba ya ɗaura agogo, da carbi yake aunawa. Ni da ba ni da carbi, sai na gwada har na gano cewa baiti biyu na wata waƙar coci daidai suke da carbin Malam. Ranar da ya ji ni ina rerawa a tsakar shago ina riƙe da sikirin, dariya ya yi har da tari, ya ce, "Yohanna, kowa da agogonsa. Amma in hadari ya taso ka ƙara baiti ɗaya."

Aikin farko da ya bar min ni kaɗai, durom ashirin ne na wani mai man gyaɗa. Nan na san cewa durom ba ƙofa ba ne. Sikirin a miƙe yake, cikin durom kuwa a zagaye, tsakiya kaɗai ke taɓawa, gefe da gefe suna iska. Na farko da na buga, haruffan tsakiya suka fito, na gefe suka zama kamar sawun kaza a laka. Malam ya bar ni na ɓata uku kafin ya jawo wani sikirin daga bayan ƙofa, wanda gefensa biyu katako ne, biyu kuma siririn ƙarfe mai lanƙwasa, yana rungume durom kamar ɗamara. Na ce, "Maigida, me ya sa ba ka ba ni tun farko ba?" Ya ce da ya ba ni tun farko, da ban san amfaninsa ba. A kan durom ɗin nan kuma ya koya min taɓa ƙarfe da bayan hannu. In ya yi zafin da ba za ka iya barin hannunka a kai ba, kada ka buga, don fentin zai bushe a cikin ramukan yadin kafin ka kai ƙarshen ja, ka yi asarar sikirin da aikin gaba ɗaya. Shi ya sa a Gombe mai buga ƙarfe da sassafe yake cin kasuwarsa. Akwai kuma abin da yake nanatawa har na gaji da ji: duk abin da ka tarar a kwance, ka tambayi wanda ya ƙera shi ina samansa, ka ja kibiya da alli kafin ka buɗe gwangwanin fenti.

Da na samu 'yanci daga hannun Malam na buɗe nawa shagon, aiki ya yi ta zuwa. Na buga kwantenar masu shago, akwatunan janareta, tukwanen gas, jikin tankar ruwa. Masu ba da aiki kuma kala-kala ne. Akwai wani tsohon malamin makaranta a unguwar Federal Low-Cost da na buga wa lambar gida da suna a get, wato ƙofar ƙarfen gidansa. Ya fito da rula ta katako, ya auna tsakanin kowane harafi da ɗan'uwansa, ni kuma ina tsaye kamar ɗalibin da ke jiran sakamako. Da ya gama ya ce, "Ba laifi, ka ci." Har yau in mun haɗu a hanya sai ya gaya min get ɗin bai koɗe ba, kamar shi ya buga.

Sai mummunar shekara ta zo. Injinan buga sitika da manyan ledojin talla suka cika gari. Mutum ya shiga shago mai fanka, a nuna masa zane a kwamfuta da launi goma har da hotonsa yana murmushi, kafin la'asar an manna masa. Wa zai jira ni in shanya sikirin ina waƙa? Sai in yi mako biyu ban buɗe gwangwani ba, fenti ya yi fata a sama. Abokan sana'ata wasu suka koma tuƙa keke napep, wasu fentin gidaje. Matata Saratu ba mai yawan magana ba ce, amma wata rana ta zaunar da ni ta ce, "Baban Ladi, gonar babanka tana nan a Billiri, ƙaninka shi kaɗai yake fama da ita. In ruwan farko ya sauka shagon nan bai motsa ba, mu tattara mu koma." Ban yi mata musu ba, don gaskiya ta faɗa. Na dai ji zafin abin, domin ban iya komai a duniya kamar yadda na iya wannan ba.

Ana cikin tsananin zafin bazara, saura 'yan makonni ruwa ya sauka, sai abokina Garba ya aiko a kira ni. Garba Bakatsine ne, mai walda, garejinsa na bayan shagona, ƙato ne mai tumbi da son tsokana. Na tarar da shi tare da wata dattijuwa, Mama Rifkatu, shugabar wata ƙungiyar mata manoman tumatir da albasa a Kwadon, Musulmi da Kirista a haɗe. Shekara uku suna tara abin da suka samu har suka haƙa rijiyar burtsatse, Garba kuma ya ƙera musu tankin ƙarfe da za a ɗora a kan hasumiya. Ga tankin nan kwance a garejin, shuɗi, sai mutum huɗu sun haɗa hannu za su zagaye cikinsa.

Mama ta ce, "Ɗana, an ce mu manna sitika, na ce a'a. Na ga yadda rana ke ɓare ta kamar ɓawon albasa. Mu abin da jikokinmu za su karanta muke so." Suna son a rubuta RUWA DAGA GUMIN MATA da farin fenti, a ƙasa kuma hoton mace ɗauke da bokiti a ka, da ruwan ɗorawa. Ranar Asabar ta sama za a yi bikin buɗewa, an gayyaci masu unguwa da limamai da fastoci. Na san duk wanda ya bi hanyar Kwadon zai ga tankin nan. In ya yi kyau, wataƙila a tuna cewa akwai masu irin aikinmu. In bai yi ba, to sai Billiri.

Sikirin biyar na haɗa wa aikin, mafi girma da na taɓa yi. Ranar Talata da sassafe na iso garejin, ƙarfe ya yi sanyi, iska ba ta motsi, irin safiyar da mai fenti ke roƙo. Garba kuwa ya tafi sunan ɗan ƙanwarsa a Pantami, an ce sai azahar. Tankin yana kwance, bakinsa biyu duk a shafe, don ba a yanka ƙofar sama da ramin famfo ba sai an je can. Na tuna maganar Malam Sani sarai, ba mantawa na yi ba. Amma na duba gefe ɗaya na ga kunnuwan ƙarfe huɗu a like. Duk tankin da na sani, a sama ake sa kunnuwa don a zura sarƙa a ɗaga. Na ce shekara nawa ina wannan aiki, sai na zauna jiran mai cin tuwon suna har rana ta gasa min ƙarfe? Na ja kibiyata da alli wajen kunnuwan, na buga. Aikin ya fito kamar a lasa. Da yake tankin a kwance yake, rubutun a kaikaice yake ga duk mai kallo, babu wanda ya ga wani abin tambaya. Da ya bushe na naɗe cikin tankin da kwali da buhuna na ɗaure, don kada sarƙa ta kuje min fenti. Garba ya dawo ya tarar da shi a naɗe, ya ce in buɗe ya gani, na ce sai a Kwadon.

Ranar Alhamis aka kai shi da babbar mota. Ni ban bi su ba sai da yamma, na sa riga mai tsabta na hau keke napep. Na tarar an riga an ɗaga shi kan hasumiya mai tsayin bene biyu, an ɗaure, an haɗa bututu, masu na'urar ɗagawa sun kama hanyarsu. Mata sun taru a ƙasa. Wani ma'aikacin Garba ya hau ya yanke igiyoyin, kwalaye suka zubo.

Wurin ya yi tsit. Rubutun nan da na yi alfahari da shi yana kife, ƙafafun haruffa a sama. Matar da na zana ta dasa kai a cikin bokiti, ƙafafunta suna kallon Allah. Ashe kunnuwan ba na sarƙa ba ne, na ɗaure tankin ne a jikin hasumiya da ƙusoshi, wato a gindi suke. Wata mata ta karkata kai tana ƙoƙarin karantawa har ɗankwalinta ya faɗi. Daga nan dariya ta ɓarke, Garba har da zama a ƙasa yana riƙe da tumbi.

Mama Rifkatu ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon sama, sannan ta juyo ta ce, "Ɗana, mu mace ɗauke da bokiti muka ce. Kai kuma ka kawo mana bokiti ɗauke da mace."

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Na ce, "Mama, laifina ne, ban tambaya ba." Na juya wajen Garba na ce ko za a sauke a juya. Ya share hawaye ya ce, "A juya me? Na yanka ƙofa a sama, na yanka famfo a ƙasa. In ka juya, ruwan ta ƙofa zai zubo maka a ka. Masu ɗagawa ma sun tafi Bajoga, sai mako mai zuwa."

Hanya ɗaya ta rage, in hau can sama in goge in sake bugawa, abin da ban taɓa jin wani mai sikirin ya yi ba. Na lissafa wa Mama yadda abin yake. Juma'a da safe in goge in shafa shuɗi, sai ya bushe zuwa azahar. Farin rubutu dole a buga shi Juma'a da yamma, don ya sha iska kafin in ɗora ruwan ɗorawa Asabar da safe. Amma da yamma ƙarfen da ya wuni a rana ko ƙwai ka fasa a kai zai soyu, fenti ba zai bi ta yadin ba.

Ta ce, "Zafin ƙarfen ne kawai matsalar?"

Na ce shi ne.

Ta ce, "To a cika shi da ruwa mana. Randa ma da ruwa take sanyi."

Shekara ashirin da wani abu ina sana'ar nan, ban taɓa tunanin haka ba. Wata daga cikin matan ta ce ai an shirya sai ranar biki za a fara tura ruwa a gaban baƙi. Mama ta ce, "Baƙin za su hau su leƙa ne? A kunna injin rijiyar."

Saura wanda zai riƙe min sikirin, don ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma ba na ba wanda bai san ƙarfe ba. Na kalli Garba. Nan take dariyarsa ta ɗauke. Duk Barunde an san Garba a ƙasa yake walda, ma'aikatansa ke hawa, ko tsani mai taki biyar ba ya yarda da shi. Ya ce, "Yohanna, ina da mata da 'ya'ya bakwai." Na ce, "Da ka zauna a garejinka ranar Talata da duk ba a yi haka ba." Ya ce, "Au, tuwon sunan ne ya kifar da tankin?" Muka yi ta yi, har Mama ta ce, "Malam Garba, tankinka ne fa, sunanka ake kira in an nuna shi." Sai ya ce bari ya dawo daga masallacin Juma'a tukuna, ya gyara tsakaninsa da Ubangiji.

Haka aka yi. Ma'aikatansa suka liƙa ƙarafa a jikin hasumiyar, suka shimfiɗa katako biyu. Na kwashe safiyar Juma'a ina goge aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwata, na shafe da shuɗi. Bayan la'asar muka hau, kowa da igiya a ƙugu. Garba ya hau ido a rufe, yana salati, katako na ƙara a ƙarƙashinsa. Na sa bayan hannu a jikin tankin, na ji shi sanyi ƙalau kamar da asuba. Muka zagaya sikirin da igiyar roba, shi ya danne gefe ɗaya da ƙirjinsa da hannu biyu, ni na ja. A tsaye fenti gangarowa yake, don haka na dama shi da kauri, ina ja daga ƙasa zuwa sama. Iska na kaɗa mu. Garba ya ce, "In na faɗi ka gaya wa iyalina kai ne." Na ce, "In ka motsa harafin nan ya karkace, ni zan tura ka." Kafin rana ta faɗi rubutun ya fito fari tas, a tsaye da ƙafafunsa.

Asabar da safe muka sake hawa don hoton. Mun so mu gama kafin jama'a, amma labarin bokiti mai ɗauke da mace ya riga ya zaga Kwadon, mutane suka yi sammako don su gani. Ana jera kujeru, ana gwada lasifika, mu kuma muna rataye a sama kamar jemagu. Na hango Saratu a cikin matan, ta biyo motar farko daga Gombe ba ta gaya min ba, ta ɗora hannu biyu a ka. Na daidaita sikirin a kan alamomin alli, na duba sau uku, na kuma tambayi Garba da ƙarfi, "Maƙeri, ina saman tankin nan?" Ya ce, "Inda nake jin jiri." Na ja fentin, muka ɗaga sikirin a hankali. Ga mace tsaye cak, bokitinta a ka. Guɗa ta tashi daga ƙasa har na ji ta a cikin katakon da nake takawa.

Ban ma fara saukowa ba wani dattijo ya haɗa hannu a baki ya ƙwala kira: "Maifenti! In ka sauko ina nemanka. Tankin makarantarmu ya daɗe a sama ko harafi babu. Masu sitika sun ce sai an sauke musu shi." Wani ya ce na masallacinsu ma haka, wani ya ce na asibitin unguwarsu. Ashe garuruwan nan cike suke da tankunan da aka riga aka ɗora, babu mai hawa ya rubuta musu komai. Garba ya ce min a hankali, "Ka gaya musu ni mai walda ne, kuma yau na yi ritaya daga sama."

Da ƙafata ta taɓa ƙasa, Mama Rifkatu ta kama hannuna da fentin da komai ta ce, "Yanzu ka tsayar mana da ita daidai, ɗana." Saratu ta bari sai da mutane suka rage sannan ta matso.

Ta ce, "Na ji mutum uku sun kira ka."

Na ce, "Huɗu ne, Maman Ladi. Ɗaya ta baya ya zagayo."

Ta kama igiyar da ke ƙuguna, ta murza ta a yatsunta, ta ga inda ta fara cinyewa. Ta ce, "Ka aika wa ƙaninka ya nemi wanda zai taya shi noman bana. Wannan igiyar kuma ba za ka sake hawa da ita ba. Ni zan je kasuwa in zaɓo maka sabuwa da kaina."